Mataimaki Ma Gwani Ne

Daga wakilinmu na Arewa, Gwarinpa, Abuja

Jama'a, da Nijeriya ta ci Kofin Afirka a 2013, yabo duk ya tafi ga marigayi Stephen Keshi. Ina mataimakinsa, Daniel Amokachi ɗan Kaduna? Ya taso daga Ranchers Bees, ya buga wa Everton ta Ingila, ya ciwo zinariya a Atlanta a 1996, amma ya yarda ya tsaya bayan wani yana horar da 'yan wasa.

'Yan uwa 'yan kasuwa mazauna Kudu, kun san yaron shago na kirki ba ya dawwama a yaro; ranar sallama jari ake ba shi. To, hukumar ƙwallo ta yi koyi da ku. Mataimakin da ya ƙware, a danƙa masa ƙungiya.