Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Malaman Sassan Hausa Na Jami'o'inmu Da Kwamishinonin Ilimi Na Arewa



Allah ya gafarta malamai, ranku ya daɗe masu girma kwamishinoni. Ina neman afuwa tun yanzu idan harshena ya ɗan yi kaifi. Abin ya daɗe yana cina, makon jiya ne tura ta kai bango.

Ina da 'ya a ajin ƙarshe na sakandare. Daren Laraba bayan isha'i na tarar da ita a tsakar gida, ta kife turmi ta ɗora fitilar waya a kai, tana ta maimaita wani abu kamar mai tilawa. Na ce, "Me ake haddacewa haka?" Ta ce, "Baba, Shaihu Umar ne, malam ya ce a kansa za a yi mana jarrabawar gwaji." Raina ya yi fari, don littafin nan tun ina yaro na karanta shi har bangonsa ya cire. Na miƙa hannu in karɓa, sai ta ba ni wasu takardu goma sha biyu da aka yi wa fotokwafi aka ɗinke da ƙusa biyu. Babu sunan marubuci, babu na maɗaba'a, sai lambar waya a ƙasa. Naira 1,500 aka sayar mata a bakin ƙofar makaranta.

Na zauna na karanta tsaf. A shafi na biyu an rubuta cewa Makau shi ne mahaifin Umar. Duk wanda ya taɓa buɗe littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa ya san Makau mijin uwarsa ne, mahaifin kuwa ya riga ya rasu. Da aka zo jigo, sai aka ce wai "tafiye-tafiye", aka wuce. Littafin da ya bi uwa tana neman ɗanta har ta faɗa hannun masu cinikin bayi, aka keta sahara da ita zuwa Tarabulus, ba a ambaci bauta a cikin takardun nan ba ko sau ɗaya. Ba a tsaya a kan Abdulkarim da ya tafi da yaron Misira ya riƙe shi kamar ɗan cikinsa ba, balle a tambayi ɗalibi yadda mutum ɗaya zai zama mai tausayi alhali yana cikin wannan fatauci. Ƙa da ka duk ɗaya ne a wurin mai bugawar, ɗ da d kuwa ba a magana.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne amsar da ta ba ni da na ce ta ɗauko ainihin littafin mu gwada. Ta ce, "Ai ban taɓa ganin sa ba, Baba. Kwafi ɗaya ne, yana hannun malam." Yarinyar da za ta shiga ɗakin jarrabawa ta yi sharhi a kan salo da zubi da tsari ke nan, ba ta taɓa jin ɗanɗanon jimla ɗaya ta marubucin ba. Na gyara mata maganar Makau, sai ta yi shiru, can ta ce, "To idan na rubuta naka aka kayar da ni fa?" Ban sami abin ce mata ba.

Allah ya gafarta malamai, ban ga laifin mai fotokwafin sosai ba. Wuri ya samu babu kowa ya shimfiɗa tabarmarsa. Ku kuka bar wurin. Ina da yaƙinin cewa yawancin rubutunku yanzu na neman ƙarin girma ne, muƙala a mujallar da daga ku sai ku, ɗan sakandare kuwa ko oho. Magabatanku ba su raina wannan aiki ba. Marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya da Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo sun zauna sun rubuta Jagoran Nazarin Hausa, kamfanin NNPC na Zariya ya buga a 1986, mu kuma muka ci moriyarsa. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya fitar da Jagoran Nazarin Waƙar Baka a 1993. Hanyar feɗe waƙa da labari tana nan a shimfiɗe. Abin da ya rage shi ne a ɗauki kowane littafi da aka sa wa yara, a yi masa ɗan jagora mai sauƙin harshe da sauƙin kuɗi, da sunan marubuci a bango domin a san wanda za a tuhuma idan an yi kuskure. Jagoran ya riƙa ce wa yaro koma babi kaza ka duba, ya tilasta masa buɗe littafin, kada ya tauna masa ya ba shi a baki. Sashe ɗaya ya ɗauki zube, wani wasan kwaikwayo, wani rubutacciyar waƙa. Aikin hutu ɗaya ne, in an so.

Ku kuma masu girma kwamishinoni, jagora ba ya amfani idan babu littafin da zai yi wa jagoranci. Kuna biya wa yara kuɗin WAEC da NECO, ana sanarwa a rediyo, mun gode. Amma a saya wa kowace makaranta ko da kwafi ashirin na littattafan da ke cikin manhaja, a ajiye inda yaro zai ara. Waƙoƙin baka ma a nema musu sautinsu, domin Shata da Narambaɗa da kunne ake sanin su. Maganar ƙarancin malaman Hausa kuwa na bar ta, kun fi ni sanin ta.

Wani lokaci nakan ce a raina wasiƙar nan ma ɓata tawada ce. Sai kuma in tuna littattafan gasar 1933, su Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Jiki Magayi da shi Shaihu Umar ɗin, sun haura shekara casa'in ba su mutu ba, in ji ƙarfin gwiwa ya ɗan dawo. Ranar Asabar na zaga shaguna huɗu kafin na samo wa 'yata kwafi ɗaya. Ta kwana biyu a kansa, ta zo idonta jawur tana tambayata dalilin da ya sa uwar Umar ta rasu daga haɗuwarsu. Sauran 'yan ajinsu har yau suna nan suna haddace cewa Makau ne uban Umar.

Don Allah a yi wani abu kafin jarrabawar baɗi.

Wassalam.

Naku,
Wani uba daga Kano