Falgore da Sambisa: Wa zai ƙidaya tsirran da suka rage a filayen soja?

Tun da aka mayar da wani sashe na Dajin Falgore filin horar da sojoji a zamanin Gwamna Abdullahi Ganduje, kuma Rundunar Sojin Ƙasa ta gudanar da gasar harbi a Sambisa a 2017, ana kallon dazukan biyu ta fuskar tsaro kaɗai. An manta cewa dukansu gandun daji ne tun zamanin Turawa. Kogin Kano yana ratsa Falgore kafin ya zuba a Dam ɗin Tiga, Sambisa kuwa kogunan Yedseram da Ngadda ne ke malala a cikinta da damina.

Muhimmancin fadamun waɗannan dazuka yana ƙaruwa ne saboda halin da sauran suka shiga. A dausayin Haɗeja da Nguru, wanda wani yankinsa ya shiga jerin Ramsar na dausayoyi masu daraja a duniya a 2000, madatsun Tiga na 1974 da Challawa na 1992 sun sauya tafiyar ruwa. Kachalla ta toshe magudanai, ta danne bado da sauran tsirran ruwa, ana kuma ta sare goruba da giyayya. Inda soja ya kafa shinge kuwa, garma da gatari sukan ja da baya.

Amurka ta daɗe da gane wannan. Dokar Sikes ta 1960, wadda aka yi wa gyara a 1997, ta wajabta wa sansanonin soja masu albarkatun daji su tsara yadda za su kula da su tare da hukumomin kare namun daji. Tsiron nan mai kama ƙwari, Venus flytrap, wanda asalinsa dausayin jihohin Karolina biyu ne kawai, ya samu mafaka a sansanonin Fort Bragg da Camp Lejeune. Wutar da atisayen harbi ke tayarwa tana ƙone kurmin da zai hana shi hasken rana, masana daga jami'o'i kuma suna bin diddiginsa da kuɗin ma'aikatar tsaro.

Darasin shi ne shinge kaɗai ba ya ceton tsiro, sai an san abin da ke ciki. Nijeriya tana da masu wannan aiki: masana tsirrai a Jami'ar Bayero, da Ahmadu Bello, da ta Maiduguri, da Cibiyar Binciken Gandun Daji ta Ibadan. Asusun bincike na TETFund zai iya ɗaukar nauyinsu. Abin da ake buƙata shi ne yarjejeniya tsakanin Ma'aikatar Tsaro da ta Muhalli, waɗanda dukansu a Abuja suke, da za ta fayyace lokacin shiga, da rakiya, da wuraren da tankoki ba za su taka ba.

Akwai cikas biyu. Sambisa tana da nakiyoyi da ragowar mayaƙa, don haka Falgore ce ta fi dacewa da gwajin farko. Sannan taƙaddamar fili tsakanin soja da 'yan asalin Tungan Maje a nan Abuja ta nuna yadda jama'a ke tsoron faɗaɗar filayen soja. Idan aka fake da kare tsirrai aka kori makiyaya da masu saƙar kaba, shirin zai rasa mutanen da suka fi kowa sanin inda kowane tsiro yake fitowa. Ya kamata a sa su cikin ƙidayar tun daga daminar farko.