HUTUN DA KE KARYA ƘASHIN IYAYE MATA

Akwai wata al'ada da ta zama ruwan dare tsakanin 'yan Arewa mazauna Kurmi, wadda a ido alheri ce, amma a jikin tsofaffi cuta ce. Da zarar Allah ya buɗa wa mutum a Ikko ko Badun ko Fatakwal, sai ya aika gida a ɗauko masa mahaifiyarsa, ya ba ta ɗaki, ya ce, "Inna, kin sha wahala, yanzu sai ki huta." Daga ran nan ba daka, ba shara, ba zuwa unguwa. Matar da ta saba zuwa rijiya da gona da gidan suna a ƙafa, sai ta koma zaman tabarma a saman bene a Agege ko Idi-Araba, ba ta jin Yarabanci, tana tsoron motoci, in ta miƙa hannu za ta ɗauki buta jika ya riga ta.

Babu mai zargin ɗan da ya yi haka da rashin ƙauna. Sai dai ya kamata jama'a su san abin da irin wannan hutu ke yi wa ƙashin macen da ta manyanta.

Ƙashi ba busasshen icce ba ne. Abu ne mai rai, kullum jiki na rushe tsoho yana gina sabo. Ginin ya kan kai iyakar ƙarfinsa wajen shekara 30 da haihuwa. A jikin mace akwai wani sinadari, istirojin, wanda ke taka wa rushewar birki. Idan al'ada ta ɗauke, wajen shekara 45 zuwa 55, sinadarin nan ya kan ragu ƙwarai, sai rushewa ta rinjayi gini. Mace na iya asarar har kashi 20 cikin 100 na ƙwarin ƙashinta cikin shekara 5 zuwa 7 bayan ɗaukewar al'ada. Wannan ita ce cutar da likitoci ke kira ostiyoforosis, watau zaizayewar ƙashi. Kamar azarar da gara ta ci ne, daga waje lafiya lau, ciki kuwa duk rami. Ba ta zazzaɓi, ba ta kumburi. Sau da yawa ba a sanin tana nan sai ran da tsohuwa ta zame a makewayi, wuyan hannu ko ƙashin ƙugu ya karye. Wani lokaci ma ba faɗuwa, ƙasusuwan gadon baya ne ke lotsawa ɗaya bayan ɗaya, tsawonta ya ragu, doro ya fito, a ce ai tsufa ne.

Gidauniyar duniya mai yaƙi da wannan cuta ta ƙiyasta cewa mace 1 cikin 3 da suka haura shekara 50 za ta gamu da irin wannan karaya. Karayar ƙugu ita ce mafi muni, domin kusan 1 cikin 5 na tsofaffin da suka same ta ba su kan cika shekara guda a raye ba, waɗanda suka rayu kuwa da yawa ba su sake tafiya ba tare da madogara ba. An daɗe ana cewa cutar Turawa ce, alhali kuwa binciken da aka yi a Afirka ta Kudu da Zimbabuwe da Gambiya ya nuna baƙar fata ma na karyewa, sai dai ba a cika ƙirga su ba.

To ina hutu ya shigo? Tun 1892 wani likita Bajamushe, Julius Wolff, ya bayyana cewa ƙashi na ƙarfafa ne gwargwadon nauyin da a ke ɗora masa. Wanda aka hana shi aiki sai ya shiga narkewa. 'Yan sama jannati, maza da mata ƙarfafa, su kan yi asarar wajen kashi 1 cikin 100 na ƙwarin ƙashin ƙugu a kowane wata, don kawai ba nauyi a kansu. Ina ga 'yar shekara 65 da ta shekara uku a kan tabarma? Ga shi naman cinya ya saki, ƙafa ta daina riƙe ta, rana ba ta taɓa fatarta balle jiki ya sami bitamin D da zai taimaka masa ya tsotsi kalsiyam daga abinci.

Ba wanda ya ce a mai da iyaye mata 'yan tsere. Abin da a ke bukata motsi ne mai sauƙi, wanda ba tsalle ba girgiza. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarinta na 2020, ta ce wanda ya kai shekara 65 ya sami aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, watau minti 30 sau biyar, kuma ya yi aikin ƙarfafa ƙafa da daidaita tsayuwa kwana uku ko fiye. Minti 30 ɗin nan ana iya raba shi uku: kewaya tsakar gida bayan asuba, rakiyar jika makarantar allo, tattaki zuwa gidan maƙwabta bayan la'asar. A zauna a kan kujera mai ƙarfi a miƙe sau goma. A dafa bango a ɗaga duga-dugai. A dafa bango a tsaya da ƙafa ɗaya gwargwadon ƙirga goma, sa'an nan a sauya. Duk wannan matar da ke kulle za ta iya yi ba tare da ta leƙa zaure ba, kuma ba ya cin ko kwabo.

Gaskiya ne tafiya kaɗai ba za ta mai da ƙashin da ya zaizaye sabo ba. Tana rage saurin zaizayar, amma babban amfanin motsi shi ne hana faɗuwa, faɗuwa kuwa ita ce ke kawo karaya. Wani babban nazari na ƙungiyar Cochrane a 2019, wanda ya tattara gwaje-gwaje 108, ya nuna motsa jiki na rage yawan faɗuwar tsofaffi da kashi 23 cikin 100. Ban da wannan, ga abin da ba ya shiga lissafi: tsohuwa ta kai kanta bayan gida ba wanda ya ɗaga ta, ta yi alwalarta, ta yi barci mai daɗi, ta je barka da ta'aziyya ta ga tsararrakinta. 'Ya'ya da yawa na tara kuɗin kujerar Makka, sun manta cewa Safa da Marwa kaɗai tafiyar wajen kilomita 3 ce.

Akwai abin kiyayewa. Wadda ƙashinta ya riga ya raunana ta guji duƙawa da lanƙwasasshen baya, da murɗa jiki da ƙarfi, da ɗaukar kaya mai nauyi a ka. Shara da gajeriyar tsintsiya da wanki a ƙasa suna cikin abin da ke lotsa gadon baya. A ɗaura wa tsintsiya sanda, a ɗora bahon wanki a kan benci. Wadda ta taɓa karyewa, ko ta ke fama da jiri ko ciwon ƙirji, ta fara ganin likita. Asibitocin ƙashi na tarayya na Igbobi a Ikko da na Inugu suna da sashen gashi da motsa gaɓoɓi, ba sai an jira tafiya Dala a Kano ba. Masu ɗori na da nasu wurin, amma karayar ƙugu aiki ta ke bukata cikin gaggawa, jinkirin kwanaki na iya zama ajali.

Wani abin takaici shi ne ƙwayoyin da a ke saya a kemis ko a hannun masu talla don ciwon gaɓɓai, irin su deksametazon da firedinisolon. Suna kwantar da zafi nan take, amma shan su wata da watanni na daga cikin manyan abubuwan da ke cinye ƙashi. Kuɗin nan gara ya tafi ga nono da kindirmo, ko warar da ke ko'ina a ƙasar Yarbawa, da ƙananan busassun kifi da a ke ci da ƙaya, da miyar kuka da zogale da riɗi.

Sarakunan Hausawa na Agege da Sabon Badun da Shagamu, da limaman unguwanni da malaman Islamiyyun matan aure, su ne ke da kunnen jama'a. Wajibi ne su gayyato ma'aikatan lafiya su nuna wa mata waɗannan motsi a harshen da su ke ji, ko da minti goma ne kafin a tashi darasi. Masu gidajen haya kuma su gyara makewayi mai santsi, su sa fitila da abin dafawa a matakala. Ƙananan asibitocin unguwa da ke auna hawan jini su riƙa auna tsawon kowace mace da ta wuce 50 sau ɗaya a shekara, domin raguwar santimita 4 daga tsawonta na ƙuruciya ta isa dalilin tura ta a ɗauki hoton gadon bayanta.