KEKEN LANTARKI GA TSOHO MATAFIYI: BA A FAFA GORA RANAR TAFIYA

Ya kai ɗan uwa matashi, yau maganata da kai ce, kai da Allah Ya ba ƙarfin jiki da 'yar sana'a, kuma har yanzu akwai tsoho ko tsohuwa a gidanku da ke sa maka albarka safe da yamma. Mun san burin kowannenmu shi ne ya ga ya kai iyayensa sun sauke farali, ko sun yi Umara, ko ya kai su asibiti a wani gari idan ciwo ya matsa. Amma abin takaici, sai ka ga mutum ya biya kuɗin kujera, ya ɗinka sutura, ya shirya walima, bai taɓa zama ya tambayi kansa ba: shin da waɗanne ƙafafu Baba zai yi wannan tafiya?

Aikin Hajji aikin ƙafa ne. Safa da Marwa kaɗai, idan ka haɗa zuwa da dawowa sau 7, kusan kilomita 3 ne. Ga ɗawafi, wanda tsawonsa ke ƙaruwa idan cunkoso ya tura mutum hawan sama. Ga tafiya daga masauki zuwa Harami sau da yawa a yini, ga dogayen barandun filin jirgi. A Hajjin 2024 hukumomin Saudiyya sun bayyana rasuwar mutum fiye da 1,300, a kwanakin da zafi ya haura digiri 51 a Makka, kuma akasarinsu waɗanda suka yi doguwar tafiya a ƙasa ne cikin rana ba su da izinin aikin. Inna lillahi! Wanda ya ji wannan, kuma yana da uba mai ciwon gwiwa, bai kamata ya yi wasa da maganar abin hawa ba.

Daga cikin abubuwan da zamani ya zo da su akwai keken lantarki na tsofaffi, mai kujera da kan tuƙi irin na babur, ƙafa uku ko huɗu, yana aiki da batir. Gudunsa bai cika wuce kilomita 6 a awa ba, wato kamar saurin mutum mai tafiya da kyau. Na matafiya ana naɗe shi kamar tabarma a sa a bayan mota, wani kuma ana kwance shi gida huɗu ko biyar. Na san da yawa daga dattawanmu za su ce, "Ni ba gurgu ba ne, a bar ni in taka." To, a tunatar da su cikin ladabi cewa Manzon Allah (SAW) ya yi ɗawafi a kan raƙumi a Hajjin bankwana, kuma da Uwar Muminai Ummu Salama ta kai kukan rashin lafiya ya umarce ta da ta yi nata a kan abin hawa daga bayan mutane. Babu abin kunya ga mai rauni ya hau.

Inda nake da ja da 'yan uwana matasa shi ne yadda muke sayen abin. Muna saye ne don a gani a ce wane ya yi wa babansa, muna duba fenti da girma da araha, alhali keken na tsohon ne, kuma da shi da tafiyarsa ya kamata a auna. Na ga wannan da idona. Wani ɗan uwa a unguwarmu ya sayo wa mahaifinsa ƙaton keke na hannu, ja wur, ya kawo shi ƙofar gida yara suka kewaye. Ranar tafiya Umara, a filin jirgi aka duba batirin da za a cire a shiga da shi, aka ce ya wuce ƙa'ida, ba zai hau ba. Dattijon ya dubi ɗansa ya ce, "Kai yaro, ba ka tambaya ba ne kafin ka saya?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Wallahi Baba ban san ana tambaya ba." Keken ya koma gida a bayan a-kori-kura, tsoho ya tafi da sandarsa. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Saboda haka abu na farko, fara da tsohon kansa. Yana gani sosai? Hannunsa na iya matsa maƙunnin tafiya ya sake shi a kan lokaci? Yana iya zama tsaye a kujera na tsawon awa guda, ya hau ya sauka da kansa? Hankalinsa na nan daidai, ko mantuwa ta fara yi masa yawa? Idan ido ya yi rauni, ko hannu na karkarwa, ko ruɗewa ta shigo, keken lantarki haɗari ne gare shi da mutanen da ke gabansa, kuma keken turawa ya fi masa alheri. A nemi shawarar likitansa ko masu gashin ƙashi na asibiti. Sannan a auna nauyinsa: yawancin kekunan tafiya suna ɗaukar tsakanin kilo 110 zuwa 135 ne, kuma a cikin lissafin har da jaka da gorar ruwa.

Na biyu, nauyin keken. Kalmar "mai sauƙin ɗauka" da ake rubutawa a kwali ba hujja ba ce. Waɗanda ake naɗewa sukan kai kilo 15 zuwa 30 a dunƙule, waɗanda ake kwancewa kuwa ɓangare mafi nauyi yakan kai kilo 13 zuwa 16. Wa zai ɗaga shi a sa a motar alhazai? Wa zai sauke? Idan kai za ka raka shi, ka ɗaga ka ji tun a shago. Idan kuwa Hajiya ce kaɗai za ta raka Alhaji, ka sani ka ɗora wa tsohuwa kaya.

Na uku, kuma nan ne aka fi faɗuwa, batir. Iri biyu ne: na dalma, mai nauyi da araha, da na litiyam, mara nauyi mai tsada, wanda shi ke cikin mafi yawan kekunan naɗewa. Saboda batirin litiyam na iya kamawa da wuta, ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, ta sa masa iyaka. Batirin da ake cirewa daga keke kada ya wuce Wh 300. Ana shiga da shi cikin jirgi a hannu, an rufe bakinsa, ba a zuba shi cikin kaya. Lissafin ba wuya: duba jikin batirin, ka ninka lambar V da lambar Ah. Mai V 24 da Ah 10 ya ba da 240, ya tsallake. Mai V 24 da Ah 20 ya ba da 480, ya faɗi, kuma irinsa ne ya tsayar da maƙwabcinmu. Batirin da rubutun jikinsa ya goge, kada ka karɓa ko kyauta ne. Sannan ka sanar da kamfanin jirgi aƙalla awa 48 kafin tashi, ka faɗi nauyin keken da girmansa da irin batirinsa, ka riƙe amsarsu a rubuce.

Kada kuma ka gaskata nisan da aka rubuta. Idan an ce caji ɗaya na kai kilomita 15, a kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa aka gwada da mutum mara nauyi. Makka gari ne na duwatsu da hawa da gangara, kuma zafi na gajiyar da batir. Caji na ɗaukar awa 4 zuwa 8, don haka da dare ake yi, ba a bar batir a rana ko cikin rufaffiyar mota ba. Ka duba caja: in an rubuta 100 zuwa 240 za ta yi aiki a nan da can, amma wadda aka yi don wutar Amurka ta 110 kaɗai za ta ƙone da zarar ka soka ta.

Na huɗu, ƙafafu da birki. Mai ƙafa uku ya fi juyawa a wuri matsattse kamar lif da ɗakin otal, mai huɗu ya fi tsayuwa da wuyar kifewa. Ga tsohon da jikinsa ke rinjaya gefe, ɗauki mai huɗu. Ƙananan tayoyinsa an yi su ne don tayil da kwalta, cikinsa kuma kusa da ƙasa yake, don haka yashi da kwata da ramukan lungunanmu ba wurinsa ba ne. Ka tabbata da zarar an saki maƙunni yana tsayawa da kansa. Akwai wani ɗan hannu a bayansa da ke sakin injin don a tura shi idan batir ya mutu. Ka koyi wurinsa, kuma kada a taɓa shi a kan gangara tsoho na bisa.

Na biyar, gyara. Araha ba ta ado. Kafin ka biya, tambayi mai shago: idan batir ya mutu, ina zan sami wani? Caja fa? Taya fa? Keken da babu kayan gyaransa a ƙasar, shekara ɗaya ya zama wurin shanya.

Bayan duk wannan, zan faɗi abin da 'yan kasuwa ba za su so ji ba: mai yiwuwa ba ka ma buƙatar saye. A cikin Harami akwai ababen hawa masu lantarki na haya don ɗawafi da sa'ayi, akwai kuma masu tura keke da ke da izinin hukuma. Shiga da abin hawa cikin masallacin yana bin tsarin masu kula da shi, don haka a tambayi jami'an alhazai tun daga gida. A cunkoson Mina kuwa ƙaramin keke ba ya da hanya, kuma shari'a ta sauƙaƙa wa mai rauni ya wakilta wani ya yi masa jifa. Idan tafiyar sau ɗaya ce, haya da keken turawa mai kyau sun wadatar. Saye yana da ma'ana ne ga tsohon da ke yawan tafiya, ko wanda zai ci gaba da amfani da shi bayan an dawo.

Idan kuma an dawo, sai mu dubi namu masallatan. Tun Janairun 2019 aka sa hannu a dokar hana nuna bambanci ga masu naƙasa a Najeriya, aka ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara hanyoyin shiga. Wa'adin ya wuce. Masallacin da ka fito yanzu, keke zai iya shiga, ko matakala ce tun daga ƙofa? Buhun siminti kaɗan da aikin gayya na yini ɗaya sun isa a yi gangara. Wannan aikinmu ne, mu matasa.

Daga ƙarshe ɗan uwa, in ka saya, ka saya da wata biyu ko uku a gaba, tsoho ya koya a tsakar gida, ya iya juyawa da ja da baya kafin ya shiga taro. Kuma ka sani inji ba ya ɗauke maka hidima. Batir zai ƙare, taya za ta maƙale a bakin matakala, a lokacin nan hannunka ake nema. Shi ya goya ka a kafaɗa lokacin da ba ka iya taku ba, yau ga ranarka ta zo. Allah Ya ba mu ikon kyautata wa iyayenmu, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Wassalam.