Filastar ciwon jiki ma magani ce

Jama'ar zango, mun raina filastar ciwon jiki don ba haɗiye ta ake yi ba. Sai ka ga Hajiya ta manna biyu a gwiwa, ɗaya a ƙugu, ta kwana da su, da safe kuma ta sha diclofenac ko ibuprofen. Ai maganin filastar yana ratsa fata ya shiga jini, ya haɗu da na ƙwayar su taru wa ciki da ƙoda. Mai gyambon ciki, mai ciwon ƙoda ko asma, mai shan warfarin da mai juna biyu, kada su manna sai sun tambayi likita.

Lokacin cirewa yana jikin kwali. Ƙaramar Salonpas da muka saba ba ta wuce awa 8. Ba a manna ta kan rauni ko ƙuraje, kuma gashi da ruwan zafi a kanta yana ƙona fata.

Abin da ya fi damun mu tsarabar matafiya ce: kwali da rubutun Sinanci, babu mai iya karantawa, a raba wa dattawa bayan Juma'a. A nuna wa nas tukuna. Ciwon da ya wuce kwana 7 kuwa, a ɗauki katin NHIS a nufi asibiti.