Daga Tekun Atlantika Zuwa Gonakin Maruta

Manomin Maruta da ke jiran ruwan shuka ba shi da labarin cewa wani ɓangare na hasashen daminarsa daga tsakiyar teku ake samo shi. Iskar da ke kawo ruwa Gwaram da Birnin Kudu daga Tekun Atlantika take tasowa, kuma masana sun tabbatar cewa ɗumin ruwan teku yana da hannu a farin da ya addabi ƙasashen Sahel a 1973 da 1984.

Saboda haka ne tun 1997 ƙasashen Brazil da Faransa da Amurka suka haɗa gwiwa a shirin PIRATA, suka ɗaɗɗaure na'urori masu iyo a sassan tekun, har da Mashigin Gini. Na'urorin suna auna zafin ruwa da gishirinsa da ƙarfin iska, sa'an nan su aika ta tauraron ɗan'adam. Kowace tana da 'yar ƙwaƙwalwa mai ɗauke da manhajar da ke umartarta lokacin da za ta farka ta yi awo, da lokacin da za ta kwanta domin kada batir ya ƙare kafin jirgin ruwa ya sake zagayowa, galibi bayan shekara guda.

To, ƙarfe yana tsufa. Kayan na'urorin farko, masu suna ATLAS, sun zama tsohon yayi, har samunsu ya yi wuya. Aka ƙera sababbi, T-Flex, masu aikawa ta taurarin Iridium maimakon Argos, aka fara girka su a 2015. Mai karatu zai zaci sauya mazubi ne kawai. Ba haka ba ne. Sabuwar ƙwaƙwalwa agogonta dabam, yadda take karanta ma'auni dabam, tilas a sake rubuta umarnin ya dace da ita. In aka yi ɗan kuskure, na'urar ba za ta tsaya ba. Za ta ci gaba da aiko da alƙaluma masu kama da gaskiya, masana su ɗauka teku ne ya ƙara ɗumi alhali na'ura ce ta sauya. Shi ya sa injiniyoyin hukumar NOAA ta Amurka suka ajiye tsohuwa da sabuwa kusa da juna a teku, suka gwama awonsu kafin su janye tsohuwar.

Wannan mataki na ƙarshe shi ne abin dubawa ga Nijeriya. Hukumar NiMet da Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are suna dogara ne ga awon ruwan sama da na tashin kogi, kuma ambaliyar 2022 ta nuna wa Jigawa tsadar jinkirin gargaɗi. Duk na'urar da aka sayo za ta tsufa. Ya kamata jami'in da ke sa hannu a kwangila ya nemi a ba da rubutun manhajar tare da na'urar, a horar da 'yan ƙasa su iya mai da ita kan sabon ƙarfe, kuma a bar tsohon ma'auni yana aiki kusa da sabo aƙalla damina ɗaya.