Karenka ba jarumi ba ne, tsoro ke cin shi

Jama'a, a faɗi gaskiya. Nan Maraɗi, mutum sai ya ɗaure kare da sarƙa cikin rana tun yana kwikwiyo, yara na jifa, shi yana duka, wai don ya yi zafi. Sannan ya zauna fada yana cika baki: "Karena ba ya barin kowa shiga." To malam, duba wutsiyar tsakanin ƙafafu, kunnuwa kwance. Tsoro ne wannan. Kuma matsoracin kare almajiri yake cizo, ko mai tallar nono. Ɓarawo kam ya san ta inda zai bi.

Gyaran haƙuri yake so. Maida shi inuwa, aje mishi ruwa. In baƙo ya zo, ya tsaya nesa, kar ya zuba mishi ido, kar ya miƙa hannu. Kai ka jefa mishi ɗan nama tun bai fara haushi ba. Gobe haka, jibi a matso kaɗan. In ya yi gurnani, an yi gaggawa, a ja baya. Duka gurnanin kawai yake kashewa, cizon na nan.

Kuma don Allah a kai shi likitan dabbobi, a yi mishi allurar haukan kare.